Jirgin da Ya Leƙo Gidanmu Ba Sallama

Har yau a Ƙofar Marusa akwai masu cewa na zagi 'yan sanda. Ban zage su ba. Ranar kuwa ba za ta taɓa fita raina ba, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Da hantsi ne, ina wanki a tsakar gida ko ɗankwali babu, Inna tana wanka. Banɗakinmu irin na cikin gari ne, ba rufi. Sai na ji ƙugi kamar na taron zuma. Ina ɗaga kai na ga ɗan jirgin nan mai kyamara ya tsaya cak a samanmu. Inna ta rafka salati. Na zari hijabi na fice, kumfa har gwiwar hannu.

A bakin layi na iske 'yan sanda, wata mace a cikinsu ita ke sarrafa shi. Ban ko gaishe ta ba.

"Ranki shi daɗe, ko magini zai hau katanga sai ya yi kira mata su kimtsa. Ku mi ya hana ku? Uwata na wanka!"

Nan take ta janye jirgin. Hausarta ta mutanen Filato ce. "Yi haƙuri, ƙanwata, ban san haka ake yi ba."

Sai ta nuna mani maƙwabcinmu tela, idonsa ya yi jawur. Ashe babansa, wanda tsufa ya fara ɗauke wa tunani, ya fita tun asuba bai dawo ba, ga ciwon suga. Tsohon nan shi ya raɗa mani suna.

Ta ce, "Lungunanku mota ba ta shiga. In na sauke jirgin, sai dai mu bi da ƙafa, ga rana tana yi."

Ban tsaya ɓata lokaci ba. Na ce, "To ku biyo bayana." Muryar nan da kullum ake mani faɗa a kanta na buɗe, lungu-lungu: "Mata a kimtsa, za a hau sama! Baba ake nema!" Sai na wuce, sannan jirgin ya bi.

Kafin azahar 'yar sandan ta hango tsohon a wani kango, bayan katangar da ba wanda zai yi tunanin leƙawa. Yana zaune, leɓɓansa sun bushe, wai yana jiran innarsa ta dawo daga unguwa. Ashe kangon gidan da aka haife shi ne. Tela ya durƙusa yana kuka, 'yar sandan ta miƙa ruwanta.

Abin da na koya shi ne, na'urar tana da amfani, amma ba ta san kunya ba, sai mutane sun sanya mata. Washegari na je wajen mai unguwa na ce duk ranar da za a sake tashinta a fara sanar da shi. In ba mai yin shela, a aiko mani.