Ɗigon haske a idon Mardiyya

A Tamaske, da an ɗaure gero maza sai su watse ci-rani Abijan, a bar mata da yara da tsofaffi. Abin da ke bin su can shi ne hoto: mace ta ci ado, ta rungumi jaririn da ubansa bai taɓa gani ba, ta tsaya gaban Sufyanu mai hoto, in an wanko a ba direba ya kai.

Sufyanu ba shi da shago, a tsakar gidajen mutane yake ɗauka, kuma zafin ranar ƙasar Adar ba shi da mutunci. Rana tana tsaye bisa kai, ɗankwali ya yi wa fuska inuwa, in filim ya dawo daga wanki a birnin Tawa sai ka ga zane fes, awarwaro fes, fuska kuwa kamar gindin tukunya. Abin ya daɗe yana cin sa. Ya gwada kunna filashi, fitilar kyamara, da rana, fuskoki suka fito kamar an shafa musu toka. Bai haƙura ba. Ya yanko gefen farar jarka, ya goge da yashi, ya ɗaure a bakin filashin da robar taya, hasken ya yi taushi. Filim nawa ya lalata kafin ya dace, shi kaɗai ya sani. Ƴan tasha suna ta yi masa dariya, wai ga mai taya rana aiki.

Da ya dace kuwa, fuskoki suka fito kamar ka yi musu magana su amsa. Har wani ɗan ɗigon haske ke sauka cikin ƙwayar ido. Ɗigon nan ne ya ja masa.

Ya ɗauki Mardiyya, matar wani Idris, da jaririyarta a cinya. Hoto ya isa Abijan, ba a daɗe ba sai ga Faruƙ, wan Idris, ya tare Sufyanu a kasuwa.

"Kai Sufyanu, mi ka yi ma matar ƙanena?"

"Hoto, Malam Faruƙ. Ko bai yi ba?"

"Ya yi, har ya wuce wuri. Idris ya aiko, ya ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin idonta shina walƙiya haka ba. Wa take kallo?"

"Filashi take kallo. Ko jakinka na ɗauka, haka idonshi za ya yi."

"Kun ji ko? Yanzu kuma ya haɗa mu da jaki."

Mutumin da ya bar mace da ciki, ya share watanni ko gaisuwa sai an roƙa, shi ne mai bin diddigin hasken idonta. Magana ta je gaban maigari. Dattawan da ba wanda ya taɓa riƙe kyamara suka yi ta juya zance, ba wanda ya kira Mardiyya ya ji ta bakinta. Aka yanke: kada Sufyanu ya sake kunna wa matar aure filashi, kuma filim ɗin matan gari da ya adana a ƙone shi a gabansu. Idris can ya yage nasa hoton.

Sufyanu ya kwance farar jarkar, ya koma ɗaukar baƙaƙen fuskoki marasa ido. Ko miji ɗaya bai yi ƙorafi ba. Daga baya wayoyi suka shigo suka ƙarasa sana'ar. Yau gyaran tocila yake a bakin tasha.

Mardiyya ta rasu wajen haihuwa ta gaba. Bara jaririyar nan, Hindatu, wadda ita ma yanzu uwa ce, ta zo ta durƙusa gaban teburinsa.

"Baba Sufyanu, an ce kai ka taɓa ɗaukar innata. Ban san fuskarta ba, ina son in gani."

Ya ajiye tocilar da ke hannunsa.

"Na ɗauke ta, ɗiyata. Duk Tamaske ban yi hoton da ya kai nata ba."

"To ina shi ke?"

"Tahi ki tambayi babanki da baffanki Faruƙ. Ɗaya ya yage, ɗaya ya ƙyasta ashana."