Ranar da Malam Ya Kifar Mini da Duro

Tun da Malam, maigidana, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai ya koma kula da sararin sama. Ɗanmu ne ya jawo mana, shi ya saya masa babbar waya ya nuna masa inda ake duba hasashen yanayi. Da safe kafin ya tambaye ni yadda na kwana, sai ya sanar da ni yau za a yi zafi. A Fagge fa, tsakiyar bazara, gumi na bin bayan mutum har cikin zani, wai sai an duba waya za a gaya masa ana zafi.

Kuma ba a kama shi da ƙarya. Idan ya ce za a yi ruwa ba a yi ba, sai ya ce ai kaso cikin ɗari ya faɗa, ba alkawari ya ɗauka ba. Idan an yi a Rijiyar Lemo, mu ko yayyafi ba mu gani ba, sai ya ce ai duk Kano ce.

Duk wannan ina dariya ne kawai, har shekarar da 'yata ta fari ta dawo gida wankan jego. Famfonmu ya daɗe da mantawa da mu, 'yan garuwa kuma sai ka yi ta leƙe kafin ka ga ɗaya. Da ƙyar na cika duro biyu a tsakar gida, ina lallaɓa su, domin mai jego ba ta tsallake wanka safe da yamma, ga kuma wankin jariri da ba ya ƙarewa.

Ran nan da hantsi Malam ya leƙa duron ya yamutsa fuska.

"Hajiya, wannan ruwan ya tsufa, har gansakuka ya fara. Yau za a sheƙa ruwa da la'asar. A zubar da shi a wanke duro, mu tari sabo."

Na ce, "Malam, bari sabon ya zo mu gaisa tukuna."

"Ke ba ki san yadda ake aunawa ba. Na'ura ce a sama take kallon gajimare."

"To ta ci gaba da kallo. Ni yarinyar nan nake kallo."

Da rana ta yi na shiga ɗaki na yi azahar, na tsaya shafa wa jariri mai. Ina fitowa na tarar da tsakar gida ya zama tafki. Malam ya naɗe ƙafar wando, ya kifar da duro duka biyu, yana goge cikinsu da soso. Mutumin da bai taɓa ɗauraye kofin da ya sha shayi ba.

Na juya na koma ɗaki, don na san in na fara faɗa maƙwabta za su ji.

Gaskiya hadari ya haɗu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ledoji, aka yi tsawa har jariri ya firgita. Malam ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallona kamar shi ya aiko da shi. Ruwa ya sauko. Na farkon da ya biyo indararo jawur, duk ƙurar rani da kashin tantabaru da ke kan kwano. Ya ce a bari ya wanke rufi tukuna. Muka bari. Ya fara yin fari kenan, Malam ya jawo duro ya saita, sai ruwa ya ɗauke ɗif. Rana ma ta leƙo.

Abin da ya taru a gindin duro ko alwala ba zai isa ba.

Ya duba waya, ya duba sama, ya ce, "Amma dai an yi."

Na ce, "An yi. Sai ka shiga ka gaya wa mai jego ta yi wanka da an yi."

Lungu ya cika da taɓo, babu mai garuwa ko ɗaya. Na ɗauko jarkoki na ajiye a gabansa, na ce gidan Alhaja zai je. Alhaja maƙwabciyarmu ce, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari, tana sayar da atamfa a Kantin Kwari, ita kaɗai ke da burtsatse a layin. Ta katanga nake jin su.

"A'a, Alhaji, kai da kanka? Ba kai ka aiko mini in kwashe shanya ba? Na ɗauka gidanku aka fara sauke wa."

"An ɗan samu akasi ne, Alhaja."

"Ɗebi, ɗebi. Gobe in za a yi, ka gaya mini in ƙara cika tanki saboda ku."

Ya yi ta jigila, takalmi na maƙalewa a taɓo, har tukunyar wanka ta cika. Na zuba ganyen darbejiya, na hura wuta. Sai dab da magariba yarinyar nan ta samu wankanta, tana tambayata me ya sa yau aka makara. Na ce ta tambayi babanta.

Babanta kuwa yana kwance a kan tabarma, ya kasa miƙewa, wai ƙugunsa ya riƙe. Ragowar ruwan jegon na tsoma tsumma a ciki na gasa masa baya. Yana cewa in yi a hankali da zafi, ni kuwa ina ƙara dannawa.