Inna Rediyo da Biran Dutse

Da asuba, tun ban tayar da injin walda ba, Inna Rediyo tana tsaye a tsakiyar lambunta tana zagin birai. Ba zagin taro take yi ba. Ɗaya bayan ɗaya take bin su, ta ci uba, ta ci uwa, ta gangara kan kakanni. Akwai wani ƙato mai yagaggen kunne da take kira Mijin Yaya, wai cinsu ɗaya da marigayin mijin yayarta, kuma shi ma har ya mutu bai taɓa cewa an gode ba.

Shagona a jikin shingen lambun yake, don haka a gabana aka yi komai. Mu muka sa mata Rediyo, a bayan idonta, saboda ba wanda ya san inda ake kashe ta. Da lambun nan ta reni 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Tumatir, latas, karas, albasa. Ta yi ban ruwa da sassafe, da hantsi ta ɗauki kwando zuwa bakin titi. Tafin hannunta ya fi nawa kaushi, ni da nake wuni da ƙarfe.

Biran sun riga mu zuwa. A dutsen bayan unguwa suke kwana, su sauko rafi shan ruwa. Mu muka zo muka jera gidaje tsakanin dutsen da rafin, sannan muka riƙe baki muna mamakin ganin biri a kan rufi. Dabararmu ɗaya ce, kowa ya kora su gidan maƙwabcinsa. Tela ya koro wa mai kemis, mai kemis ya koro wa direban tifa. Da yake unguwar gangare ce, ƙarshen kowace kora a lambun Inna yake tsayawa.

Babban ɗanta, malamin asibiti ne a birni, ya zo ya ga ɓarna.

"Inna, wannan shukar ce ta ƙarshe. In suka cinye ta, ki haɗa kaya mu tafi. Ga ɗaki, ga fanka, ga talabijin."

"In zauna ina kallon akwati ina jiran mutuwa? Kai ka zauna, tunda ka saba."

Amma ta amsa masa, don ita ma ta gaji da noma wa birai. Da ya tafi ta leƙo shagona ta ce, "Ɗan nan, in aka ɗora ni a benen can, ba zan ga wata shekarar ba."

Ana haka mai kemis ya fara zancen guba. Zancen ya kai ofishin gandun daji, suka turo mana wata jami'a, siririya mai takalmin sojoji. Ta tara mu a ajin firamare, manyan mutane a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Ni taro ba ya burge ni. Ban taɓa ganin ƙofar da surutu ya ɗaura ba. Zaman farko ya ƙare a zaɓen tela shugaba, na biyu a musun sunan kwamiti. Jami'ar ta yi ta haƙuri tana maimaita abu uku: a rufe bola, a daina jefa musu abinci don yara su yi dariya, in za a kora su a bar musu ƙofar fita.

Kora kaɗai muka ji. Tela ya sa rana, kowa ya fito da abin bugawa. Maganar ƙofa kuwa kowa ya gyaɗa kai, yana nufin ta wajen maƙwabcinsa za a bar ta.

Ranar, biran na shigowa unguwa muka sako ƙara ta gabas da yamma, ta sama da ƙasa. Tukwane, galan, bokiti, ni da guduma da tsohon gwangwani. Suka nufi dutse, ƙara. Suka juyo rafi, ga Inna a bakin shinge tana dukan faranti tana ambaton iyayensu. Suka rasa ta yi, suka faɗa lambun suna zagaye kamar an sa musu wuta. Abin da ba su ci ba sun tattake. Rabin shuka ya tafi kafin rana ta ɗaga.

A zama na gaba Inna ta shigo da kwandon fasassun tumatir, ta juye a teburin tela.

"Shugaba, ga rahoton kwamiti."

Jami'ar ta ɗauki alli ta zana dutse, ta zana rafi, ta ce mu nuna mata ta inda biran suka fi bi in ba a dame su ba. Duka yatsu suka nuna wuri guda, lungun bayan shagona da gefen lambun Inna. Ta ce to nan ce hanyarsu. Za a janye shinge ciki a rufe sauran lambun da raga har sama. Gidajen tudu su yi ƙara, mu na bakin hanya mu yi tsit har su wuce.

"Wato in ba su fili, kuma in yi musu shiru?" in ji Inna. "Lauyar birai, uwarki ta san aikin da kike yi?"

"Ta sani, Inna. Ita ma zagina take yi."

"Allah Ya yi mata albarka."

Sai Inna ta juyo kanmu. Ta ce ba za ta bayar ita kaɗai ba. Ta ce sai tela ya sare reshen gwabarsa da ya zama wa biran tsani. Mai kemis ya daina watsa shara ta bayan katanga, kowa ya san shi ne. Direba ya kwaso ƙarafa da tifarsa. "Kai kuma mai ƙona ƙarfe, ka daina zumɓura baki ka tashi ka yi aiki." Tela ya so a ɗage maganar zuwa wani zaman. Ta ce to ta bar masa tumatir ɗin a tebur har zaman. Aka amince nan take.

Na yi wa bola murafe masu sakata, na kafa raga. Layukan shukar da suka faɗa hanyar biran ita ta tuge su da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Safiyar gwaji na tsaya kusa da ita cikin raga. Ƙara ta tashi daga tudu, biran suka gangaro, suka sami lungu shiru, suka shiga a jere. Inna ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Mijin Yaya ya zo daidai gabanta ya zauna. Ya dube ta, ya sosa ciki, ya zura hannu ta raga yana laluben latas da ba zai kai ba. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Ta damƙi hannuna har farcenta ya shiga. Da ya ga ba abinci ba zagi, ya tashi ya bi 'yan uwansa rafi.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yanzu suna satar abin da aka shanya, kwamiti kuma har yanzu yana zama. Amma rabin shukar da ya rage ya nuna, ya kai bakin titi.

Ranar da zan tafi wani aikin gini mai nisa, ɗan nata ya zo. Ya zaga lambun ya iske ta durƙushe tana haƙa rami, ga dashen lemun tsami a gefenta, bai kai kamu biyu ba.

"Inna, wannan ai sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya."

"Wa ya ce maka ina da tafiya? Naɗe wandon nan na 'yan birni ka ɗebo min ruwa."

Ta saka dashen a ramin, ta mayar da ƙasa, ta danne da diddige.