Na Kai Dayi Kakuri, Na Tarar da Maƙerin Yana Takara

Tun kafin zakara ya yi cara na bar gida a Jos, ɗauke da buhu mai nauyin tsiya. A ciki akwai dayin masana'antarmu, wato ƙarfen da injin matsa ke bugawa ya yanko murfin risho. Ya tsage ana tsaka da aikin Kirsimeti, ma'aikatanmu duk sun zauna. Maigidana ya ce mutum ɗaya ya sani da zai ƙera sabo, Baba Yohanna na Kakuri. Lokacin kuwa sojoji na shirin miƙa mulki, ko'ina sai fasta da ganguna.

Saminaka

A tashar Jos direba ya ɗaga buhun ya dire da sauri. "Malam, wannan ai fasinja ne!" Haka dayi ya samu kujerar gaba, ni na matsu a baya. A Saminaka muka ci masa da miyar taushe. Gaba kaɗan, a shingen bincike, wani jami'i ya kwance buhun ya ce ko injin buga kuɗin jabu ne. Na zaro murfin risho daga aljihu na ɗora a kan ƙarfen, ya zauna daram. Ya yi dariya. "Irinsa ne a kicin ɗin madam. Ku wuce."

Kakuri

Da hantsi muka shiga Kaduna. Na hau bas, muka haye gada zuwa kudu, na sauka kusa da masaƙu ana busa jiniyar canjin aiki. Na sami shagon, amma an rufe ƙofar da hotunan wani dattijo cikin babbar riga. Na tambayi wata mai gasa masara ina Baba Yohanna, ta nuna hotunan ta ce, "Toh, ai ga shi nan. Kansila yake nema. Je ka gidansa a Makera."

Makera

Na tarar da gidan cike, matasa na ta kirari. Baba Yohanna ya saurare ni, ya girgiza kai. "Ɗana, na ajiye guduma. Yanzu jama'a nake yi wa aiki." Na tuna ma'aikatan da na baro zaune. Matarsa, Mama Saratu, ta miƙo mini kunu tana raɗa, "Kada ka roƙe shi. Buɗe buhun kawai."

Na buɗe. Baba ya kalla ta gefen ido, ya kawar da kai, ya sake kallo. Can ya sa babban yatsa ya bi tsagar.

"Wa ya gasa wannan ƙarfen?"

"Wani ne a can wajenmu, Baba."

"Ya ƙona shi! Ko biskit ya fi wannan ƙwari."

Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Mama. Shugaban matasan ya ce, "Honarabul, taron fa?" Baba ya ce, "Ku fara kiɗa, ina zuwa."

Romi

Kiɗan da bai je ba ke nan. Na sauka wajen ƙanwata a Romi, kullum da safe in dawo shago. Na ga ya yanka ɗanyen ƙarfe, ya feƙe, ya auna, ya goge, ya sake aunawa, har na gaji da kallo. In an ɗauke wuta sai ya koma kan zarto yana rera waƙar coci. Ranar ƙarshe ya gasa ƙarfen ya yi jawur, ya tsoma a baƙin mai, hayaƙi ya kore mu waje muna tari.

Gida

Na iso Jos da yamma, muka ɗaura sabon dayin a inji nan take. Bugun farko murfi ya faɗo, baki sumul, ba kaifi. Ma'aikata suka sa ihu.

Bayan zaɓe labari ya zo cewa Baba ya sha kaye. Na buga waya in yi jaje, Mama Saratu ta ɗauka. "Jajen me? Yana shago. Ni ma ban zaɓe shi ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Yohanna. Amma babbar godiyata ta Mama ce.