Sabon Sunan Tomezo

Sadae ta yi shekara hamsin tana fiɗar kifi a wani ƙauyen masunta na Iwate. Makaranta kuwa leƙa ta kawai ta yi. A rubutun ƙasarsu harafi ɗaya kan zama kalma guda. Haruffan yau da kullum tana gane su, na farashi da na tashar mota, amma masu wuya sai dai ta bi su da ido.

Da mijinta Tomezo ya rasu, malamin haikali ya raɗa masa sunan lahira kamar yadda aka saba, aka rubuta a ɗan allo baƙi, aka jingina inda take ajiye masa shinkafa kowace safiya, yadda ake yi wa mamata a al'adarsu. Ranar jana'iza an karanta sunan, amma kuka bai bar ta ta ji ba. Harafi ɗaya a tsakiya ya gagare ta. Abin ya tsaya mata a rai: a can da sabon suna ake kiransa, ita kuma tana ta kiran tsohon, to yaya zai san da shi take? 'Ya'ya suna birni, malamin baƙo ne, yaro ɗanye, kunya ta hana ta tambayarsa.

Ƙarshe dai ta naɗe allon a ƙyalle ta kai wa Hatsuno, tsohuwar malamar firamare. Hatsuno ta sa tabarau, ta ce harafin nan ana karanta shi "kan". Ta zana mata shi da yatsa a kan tebur: ga ƙofa mai gambu biyu, ga itace a tsakiya, asalinsa sandar da ake tokare ƙofa da ita. Ma'anarsa kuma shiru, da zama babu hayaniya.

"Shiru, Malama? Tomezo?" in ji Sadae. "Mutumin da ko kifi ya kama sai ya ba shi labari?"

Suka yi dariya har da hawaye. Malamin nan bai taɓa jin muryarsa ba, gawa kawai ya tarar.

Ta koma gida tana maimaita karatun a hanya kada ya kuɓuce mata. Ta zuba shinkafa, ta durƙusa, ta kira sunan tsaf daga farko har ƙarshe. Ta saurara. Babu abin da ke motsi sai firji. Kewarsa ta taso mata.

"Na kira ka yadda suka ce," ta faɗa a hankali. "Amma don Allah, Baban yara, kada ka biye musu ka yi shiru."