Tukuicin Hular da Ba a San Mai Ita Ba

Ba zan manta da wannan al'amari ba, amma wajibi ne in fara da bayyana madogarata. Ina da ɗan littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum, sai kuma shaidar wani abokin aikina ɗan Maraɗi, wadda na rage mata kusan rabi saboda na san halinsa. A watan Disamba ne, wannan babu shakka. Ranar kuwa, littafina ya ce Alhamis, shi ya rantse Laraba ce.

Lokacin ban daɗe da kammala digiri ba, ina aiki a wani sito na aika kaya ƙasashen waje a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa. Mu bakwai ne ƙarƙashin wani Alhaji ɗan Kano, mutumin da in ya ce "khalas", maganar ta mutu. Cikinmu akwai wani dattijo Kirista ɗan Kumasi, mai ɗaure kaya, wanda ya shekara uku bai yi Kirsimeti da iyalinsa ba. Ya nemi hutun kwana goma. Alhaji ya ce kwantena biyu na jiran lodi, khalas.

A makon ne sakatariyarmu, 'yar Filifin, ta kawo wata al'ada ta ƙarshen shekara: a rubuta sunaye a jefa cikin kwali, kowa ya zari ɗaya, ya saya wa mai sunan kyauta a ɓoye. Alhaji ya ce mu yi wasanmu, ban da shi. Ni na rubuta takardun, guda bakwai cif.

Ranar rabo da hantsi, sai ga ƙunshi na takwas a kan tebur, an rubuta "Alhaji". Ya buɗe. Hula ce zanna, aikin hannu, ta zauna masa a kai kamar an gwada.

"Wa ya kawo?" in ji shi.

Sakatariya ta ce ai dokar wasan ba a faɗa.

"Wace irin doka? A kawo wa mutum kyauta ya kasa ba da tukuici? So kuke a ji labari a unguwar Rigga, matattarar mutanenmu, a ce na ci na goge baki?" Ya juyo gare ni. "Kai ɗan boko, ba bincike kuka karanta ba?"

Na buɗe baki zan yi bayanin cewa takardu bakwai ne kawai, ɗan Maraɗi ya take min ƙafa, takawar da har yau nake tunawa.

Alhaji ya ɗaga murya: "To, duk wanda ya kawo, ya faɗi tukuicinsa da bakinsa. Na ba shi."

"Patron, kowane ne?" in ji ɗan Maraɗi, wanda haka yake kiran maigida da Faransanci.

"Na faɗa a gaban shaidu."

Nan take ɗan Maraɗi ya nuna dattijon. Sauran suka bi. Ni ma, Allah ya yafe min, na ɗaga yatsa, ko da yake rabin ɗagawa ne.

Dattijon ya rikice. "Alhaji, ni fa ban..."

"Baba, yi shiru, kunya ce ke damunka," in ji ɗan Maraɗi. "Kumasi yake so, patron. Kwana goma."

Alhaji ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zaman hular. "Magana ta riga ta fita. Yalla, maza a nema masa tikiti."

Kwana goman nan, da idona na ga Alhaji ya naɗe hannun riga yana ɗaure kwalaye, yana yi yana zagin igiya. Ɗaurinsa bai yi kyau ba. Sai ya shiga ofis muke kwancewa mu sake. Amma kwantenonin sun tashi a kan lokaci.

Abin da na koya shi ne, shugaba yakan so ya yi alheri bayan ya riga ya ce a'a, sai dai yana buƙatar ƙofar da zai bi ya dawo ba tare da ya sunkuya ba. Na kuma koyi cewa wanda ya ba da hutu, shi ya kamata ya fara ɗaukar igiya.

Saura abu ɗaya da ban warware ba. Na tambayi dukkan shidan a keɓe, kowa ya musanta. Ɗan Maraɗi ya ce da shi ne, da tuni duniya ta ji, kuma a nan kam na gaskata shi. Babu wanda ya san awon kan Alhaji a cikinmu. Shin shi ya saya wa kansa hular nan?