Bidiyon da Na Hana Baba

Jiya bidiyon nan ya sake fitowa a wayata: injin kumbo mai shaƙar iska, yana sanyaya ta cikin bututai marasa nauyi, sirara kamar gashi. Sai na tuna Baba, tsohon da ke gyaran radiyatar mota kusa da kasuwar Assihar. Kowane ƙarfe sai ya auna shi a tafin hannu, ya ce, "Mai nauyi ba ya tashi."

Ranar da na nuna masa, yatsunsa na warin dalma, ya ce, "Ashe sana'ata suka kai sama! Maimaita mini, ɗana."

Na ce batir ya ƙare. Ƙarya na yi, sauri nake. Bai kai Juma'a ba.

Minti biyu ne fa. Allah ya yafe mini, ya sanyaya makwancin Baba.